Gyara kan batun MDMA da ciwon firgici

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan maganar da ake ta yaɗawa cewa an gano wata ƙwaya, MDMA (wadda aka fi sani da ecstasy), da ke warkar da ciwon firgicin da ke biyo bayan yaƙi, fyaɗe ko haɗari, wanda likitoci ke kira PTSD. Maganar ta fi haka tsawo.

A gwajin da ƙungiyar MAPS ta Amurka, mai bincike kan irin waɗannan ƙwayoyi, ta ɗauki nauyi, sau uku kacal ake ba majiyyaci MDMA, da tazarar kusan wata guda. Kafin nan sai an yi zaman shiri uku na minti 90. Ranar shan maganin ana farawa da miligiram 80 zuwa 120, bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙara rabin hakan, sannan ƙwararru biyu su zauna da shi awa takwas suna auna hawan jini da bugun zuciya. Kowace rana irin wannan zaman tattaunawa uku ne ke bin bayanta, kuma a nan aikin yake. Tsoro kawai ƙwayar take sassautawa, har mutum ya iya tuna abin da ya same shi ba tare da ya kiɗime ba.

Sakamakon 2021 ya nuna kashi 67 cikin ɗari na waɗanda aka ba MDMA sun fita daga sahun masu ciwon, waɗanda aka ba ƙwayar bogi kuwa kashi 32. Duk da haka hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ƙi amincewa a Agustan 2024, ta nemi ƙarin gwaji. Babban cikas shi ne kusan duk wanda ya sha na gaske ya gane, kuma sa rai kaɗai kan sa mutum ya ji sauƙi. Ostareliya ce ta halatta wannan magani tun Yulin 2023, shi ma sai a hannun likitocin ƙwaƙwalwa masu izini na musamman.

Abin da ya fi damuna masu saye a bayan fage ne. Ta kasuwa sau da yawa gauraye take da wasu sinadarai. Mai ciwon zuciya, hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko tarihin taɓin hankali, cire shi ake yi daga gwajin tun farko. Wasu magungunan baƙin ciki kuma suna dushe ƙarfinta, wasu su haɗu da ita su jawo zazzaɓi da farfaɗiya, shi ya sa likita ne ke janye su a hankali kafin a fara.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku