Na'a-na'a ba ta tsayawa inda aka dasa ta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu ƙaramin lambu a cikin gida game da na'a-na'a, wadda mutane da yawa suke dasawa saboda ƙamshinta a shayi.

Shekaru biyu da suka wuce wata maƙwabciya ta ba uwargidana rassa uku, muka dasa su a gefen fangalin da muke shuka albasa da alayyafo da ɗoɗɗoya. Kafin damina ta biyu ta ƙare, na'a-na'ar ta mamaye fangalin, ta danne ɗoɗɗoyar, har ta ɓullo a gindin famfo inda ƙasa ba ta rabuwa da laima. Dalili kuwa shi ne tana miƙa jijiyoyi a ƙarƙashin ƙasa, tana kuma yin yaɗo a samanta kamar ciyawar ƙiri-ƙiri, kowace gaɓa tana fitar da saiwa da sabon tsiro. Da na ga haka sai na sa mata fartanya, ashe ƙara yawanta na yi, domin duk guntun jijiyar da na datse na bari a ƙasa sai da ya tsiro.

Abin da ya yi mana magani shi ne tukunya. A samu tsohon bokiti ko tukunyar ƙasa, a huda gindin domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, a ɗora a kan siminti ko bulo, saboda idan aka ajiye a kan ƙasa jijiyar za ta iya bi ta hudar ta fita. Wanda yake son binne tukunyar a cikin fangali ya bar bakinta ya ɗara ƙasa da kamar santimita 5, ya kuma riƙa datse duk reshen da ya kwanto waje. Sau ɗaya a shekara a juye tukunyar, a raba dunƙulen saiwar, a mayar da kashi ɗaya cikin sabuwar ƙasa da taki.

Wanda ta riga ta cinye masa fangali kuwa sai ya jiƙa ƙasar sosai, ya bi jijiyoyin da hannu yana zarowa, ya shanya su a rana har su bushe ƙarau kafin ya kai su juji, sannan ya ci gaba da cire sabon tsiro na wasu makonni.

Ina kira ga masu sayar da dashe, da masu kyautar rassa ga maƙwabta, da su riƙa gaya wa mai karɓa tun farko cewa a tukunya ake sa ta.

Naka,
Wani mai ƙaramin lambu daga Zariya