Tarwaɗarka ba ciwo take ba

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zafin Legas? Wata uku ko gaisuwa babu, sai da kifi ya daina cin abinci ka tuna da ni. Ba komai, akwai ranar ƙin dillanci.

Jiya na leƙa tankin naka a Rigasa. Kwantar da hankalinka, sanyi ne kawai. Tarwaɗa tana son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Da hunturu ya saukar da shi kusa da 20, sai ta lafe a ƙasa, cin ma sai a hankali. Ɓarnar ita ce ƙaninka yana ta watsa abinci da sassafe kamar ana bazara. Wanda ba su ci ba ya nutse ya ruɓe, ya haɗu da kashinsu, gubar da ake kira amoniya ta taru a ruwan. Warin nan ke nan, kuma shi ya sa wasu suka miƙe tsaye a saman ruwa, gashin baki a waje.

Na ce masa ya bari sai rana ta take, wajen sha biyu, ya ba su kaɗan-kaɗan. In minti 10 ya wuce abinci na yawo, ya tsaya, ya kwashe ragowar. Kullum ya zubar da sulusin ruwan daga ƙasa, ya cika da na burtsatse, wanda da ɗuminsa yake fitowa. Na famfo kuwa sai ya kwana a duro saboda kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fice. Da magariba a rufe tankin da baƙar leda, amma a bar sarari, don tarwaɗa takan taso ta shaƙi iska. Kwalaben maganin da ya jera kuwa, asarar kuɗi ce.

Af, Kawu ya sayar da Vespar nan daga ƙarshe. Wai har da hawaye.

Abin da ya fi damuna ma daban ne: ba a taɓa ware su ba. Na ga guda biyar waɗanda girman kansu ya kusa tafin hannuna, sauran kamar yatsa. Waɗannan ƙattin su ke haɗiye ƙananan, don haka dubun da kake lissafi da ita daga can, ka rage buri. Duk sati biyu ake warewa, da safe, kafin a ba su abinci. Ƙananan su zauna a kan abinci mai ƙwayar milimita 2, manyan a kai su 4.

Ka turo kuɗin tankin tamfol na biyu da za a ware manyan a ciki kafin Talata, zan shiga kasuwar Kawo. Kuma hular da ka ara tun bikin Zariya fa?

A gaida madam.

Naka,
na Tudun Wada