A koya wa yaranmu ɗaure fakej kafin su yi nisa

Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu koyar da rubuta manhaja, musamman mu na karkara a nan Jigawa. Tunda aka fara shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani a 2023 matasa sun yi ca a kan koyon kodin, abin farin ciki ne wallahi, sai dai akwai abin da muke tsallakewa. Za a nuna wa yaro ya buga npm install ko pip install, kod ɗin wasu, wanda ake kira fakej, ya sauko cikin aikinsa, shi ke nan an wuce, ba wanda zai gaya masa cewa fakej ɗin nan shi ma a kan wasu ya jingina, su ma wasun a kan wasu, har ka ga guda ɗaya ya jawo maka ɗaruruwa kamar gayyar biki.

A watan Maris na 2016 wani ya janye kayansa daga npm, rumbun da ake ajiye fakej na yaren JavaScript, saboda rigimar suna, a ciki akwai wani ɗan fakej mai suna left-pad, layi 11 ne kacal, amma ayyuka barkatai suka tsaya cak har da Babel, wani babban kayan aikin masu JavaScript, sai da npm ta maido da shi. Na Log4j ma, fakej ɗin yaren Java da aka bayyana ramin tsaro a cikinsa a Disambar 2021, ya fi muni, don kamfanoni da yawa ba su ma san yana cikin manhajarsu ba, wani fakej ne ya shigo musu da shi.

To mu nan namu ciwon kan daban ne. Data tsada, netwok sai an fita bakin titi, wuta kuwa kar ma a yi zancen. Shi ya sa yaran ke tura wa juna node_modules, jakar da fakej ɗin da aka sauko ke zama, gaba ɗaya ta filash, ya yi aiki a laftof ɗin wannan ya ƙi a na wancan, su wuni suna zargin kwamfuta alhali sigar Node ɗinsu, manhajar da ke tafiyar da kod ɗin, ce ta bambanta. Wani kuma zai ga ^2.3.1 a package.json, fayil ɗin da ke lissafa fakej ɗin aikin, ya ɗauka an tsayar da siga, bai san 'yar alamar nan ta ^ ta ba da izinin a sauko da duk sabuwar da ba ta kai 3.0.0 ba, aikin da ya tashi lafiya a watan azumi sai ya ƙi tashi bayan babbar sallah kuma ba wanda ya taɓa komai.

Maganin ba wani wahala gare shi ba, ɗaure fakej ne, wato tsayar da sigarsa. Kar a goge package-lock.json, fayil ɗin da ke riƙe da ainihin sigar kowane fakej, a ajiye shi tare da aikin a Git, ma'ajiyar tarihin kod, a riƙa amfani da npm ci, wanda ke girka daidai abin da ke cikin fayil ɗin. Masu Python kowane aiki a buɗe masa venv ɗinsa, wato keɓantaccen wurin fakej ɗinsa, a yi pip freeze a fitar da jerin sigoginsu a zuba a fayil ɗin requirements.txt, in mutum ɗaya ya shiga Dutse ya samu netwok mai ƙarfi ya yi pip download ya kwaso fakej ɗin, sauran su girka daga filash ba tare da sun ƙona ko sisi ba. Ni a ajina ma ba na yarda a sauko da fakej saboda aikin layi biyar, rubuta abinka malam.

Roƙona ga masu tsara darussan nan, a sa wannan tun makon farko, tare da duba sunan fakej harafi bayan harafi kafin a danna, don akwai 'yan damfara da ke ɗora masu kama da suna.

Wassalam.
Wani malamin kwamfuta, ƙaramar hukumar Ringim.