Limoniya ba ta jiran ranar kasuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Hunturu ya ƙarato, kuma mu na karkara mun san da abin da yake zuwa: tari a kowane gida, tsofaffi na dafe haƙarƙari, yara na numfashi sama-sama. Ka ba ni fili in yi magana kan inshorar lafiya, don na ga ana ɗaukarta kamar ta ma'aikatan gwamnati ce kawai.

Limoniya, wato ciwon sanyin da ke kama huhu, cuta ce mai magani. In an kai yaro da wuri, ƙwayar amoxicillin da ake narkarwa a ruwa kan wadatar. Duk da haka UNICEF ta ce a 2018 ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Ni a ganina jinkiri ne ke cinye yawancinsu.

Uwa za ta ga ɗanta na numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa duk lokacin da ya ja iska, ya ƙi kama nono. Ta faɗa wa maigida. Shi kuma ba mugunta ba ce ta sa ya yi shiru, lissafi yake: kuɗin acaɓa, kuɗin kati, kuɗin magani, in an ba da gado kuma wa zai ciyar da mai jinya? Sai a ce a fara da kemis tukuna. Mai kemis ya ƙirgo ƙwayoyi daidai kuɗin da ke hannu, wanda sau da yawa bai kai rabin abin da ya kamata yaron ya sha ba. A shafa man zafi, a yi turare, a jira ranar kasuwa a sayar da akuya. Kafin akuya ta samu mai saye leɓen yaro ya sauya launi, ciwon ya koma na allura da oksijin a babban asibiti.

Amfanin inshora shi ne ta cire wannan lissafi daga kan maigida, ya ɗauki ɗansa ran da ciwon ya fara. Tailan ta gwada a 2002, ta buɗe asibiti ga kowa a kan kuɗi kaɗan, kuma mutuwar jarirai ta ragu, musamman a yankunan talakawa.

Mu ma a takarda ba a bar mu a baya ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) da ta wajabta inshora ga kowa, har da asusun marasa ƙarfi. Jihohi ma na da nasu hukumomin inshorar: Jigawa na da JICHMA, Kano na da KSCHMA. Amma har yau fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fita.

Kuma katin inshorar shi kaɗai ba ya warkarwa. Na raka maƙwabcina mai kati wani asibitin sha-ka-tafi, aka karɓe shi da fara'a, aka rubuta magani aka ce babu, ya je ya saya a waje. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa a gane ko iskar jini ta sauka ƙasa da kashi 90 cikin 100 ma babu ita. Mutumin da aka yi wa haka, da wane baki za ka ce masa ya sabunta rajista?

Roƙona ga hukumomi, a kawo rajistar nan ƙofar gidan mai unguwa da bakin kasuwa, tare da masu yin NIN, don ba kowace mai goyo ke iya zuwa birni bin layi ba. Manomi kuma da kaka yake da kuɗi, to a karɓi kasonsa na shekara a lokacin. A sa kuɗin motar kai majinyaci babban asibiti cikin tsarin, a kuma rubuta da Hausa a jikin bangon kowane asibiti abin da kati ya ɗauke wa mutum.

Kai kuma, Malam Edita, ka turo wakilinka ƙauyukanmu cikin watan Disamba, ya shiga ɗakin magani ya tambayi amoxicillin na yara.

Naku,
Wani malamin firamare daga karkarar Jigawa