Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Gudawar Yara

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da ɗan jikana.

Tun da kika haihu, nisan da ke tsakanin ƙauyenku da asibiti yake hana ni sakat. Akwai ƙwayar cutar da ake kira rota, ita ce kan gaba wajen haddasa gudawa mai tsanani ga yara ƙanana, kuma da wuya yaro ya kai shekara 5 bai gamu da ita ba. Takan fara da zazzaɓi da amai, sai zawo tsululu kamar ruwa ya biyo, kwana 3 har zuwa 8. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jikinsa, kuma jariri ba ya da ruwan da zai yi asara. Da safe yana wasa, kafin dare ya yi laushi.

Don Allah kada ki yarda da masu cewa haƙori ne, zai wuce. Ki duba shi da kanki. Idanunsa sun zurma? Maɗigarsa ta faɗa? Yana kuka babu hawaye, ko ya daɗe bai yi fitsari ba? In kin ga haka, ko ya ƙi kama nono, ki goya shi ki kama hanyar asibiti, ko da tsakar dare ne.

Kafin a kai ga haka, ki ajiye ledar ORS, wato garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, a ɗaki tun yana lafiya. Ki haɗa da ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jiki, ki riƙa ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya amayar, ki dakata minti 10 ki ci gaba. Nono kuwa kada ki janye ko sau ɗaya. Ki ƙara da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Kafso ba ya kashe wannan ƙwayar cutar, kada ki ɓata lokaci a kansa.

Na san ki da tsabta, amma rota tana daɗewa a hannu da jikin kaya, wanke hannu kaɗai ba ya tare ta. Shi ya sa tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowace ƙasa ta sa rigakafinta cikin na yara. Ɗigo ne a baki, ana farawa yana da sati 6, sannan a koma. Nisa kada ya hana ki komawa. Ki shirya abin hawa tun kafin ranar.

Ki aiko mini da labari ranar da aka ɗiga masa na farko. Ki gaishe da surukanki.

Mahaifiyarki