Wasiƙa daga Alƙahira zuwa ga Baba a Zariya

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaishe ku da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna da dukan mutanen gida a Tudun Wada. Ni ma ina lafiya, alhamdu lillahi.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, unguwar Faisal da ke Giza ta cika da 'yan gudun hijira. A masallacinmu na saba da dattawa biyu masu ciwon suga, ɗayansu ma Hausa yake yi da ni, domin kakanninsa mutanen Mai Wurno ne, wani gari a Sudan da Hausawa ke zaune a cikinsa.

Yaƙi ɗaya ne ya koro su, amma jinyarsu ta sha bamban. Na farkon yana da ɗa a Saudiyya da ke aiko masa da kuɗi duk wata, saboda haka yana ganin likita a asibitin kuɗi kuma allurarsa ba ta yankewa. Shi kuwa Bahaushen, abin da 'yarsa take samu a aikatau shi ne abincinsu, shi ne kuɗin hayarsu. Tun da darajar fam ɗin Masar ta faɗi a watan Maris na 2024, daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala, yake rage allurar don ta kai shi ƙarshen wata, abincinsa kuma burodi ne da shayi mai suga, abin da likita ya hana shi. Da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta dakatar da yawancin tallafin jinya a nan a 2025 saboda ƙarancin kuɗi, na farkon bai ma ji a jikinsa ba. Shi kuma yanzu gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa. Wallahi Baba, ranar da ya nuna mini ƙafar nan ban iya cin abinci ba.

Wannan ne ya tuna mini da iyalin nan da 'yan bindiga suka koro daga yankin Giwa, waɗanda kuka sauke a zauren baya. Inna ta ce tsohuwarsu tana fama da hawan jini. Don Allah a cire wani abu daga ɗan abin da na aiko, a kai ta asibitin Shika a auna ta, a kuma saya mata maganin wata uku a haɗe, kada ta riƙa tsallake kwanaki.

A gaishe mini da Inna da ƙannena.

Ɗanku.