Wasiƙa zuwa Ndjamena kan karatun da 'yarmu ta zaɓa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara, da harkokin kasuwa. Mu a nan sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso. Na yi murna ƙwarai da jin 'yarmu ta samu gurbi a Jami'ar Maiduguri, a sashen nazarin zamantakewa da ilimin ɗan Adam. Allah ya sa albarka. Na kuma fahimci abin da ya hana ka sakewa: abokan kasuwa sun ce maka a can ne ake koya wa yara cewa biri ne ya haifi mutum, sannan ko ta gama babu aikin yi. Tunda wannan darasi shi nake koyar da 'yan ajin farko a inda nake, bari in faɗa maka abin da ke gudana a aji, kai ka yi hukunci da kanka.

Darasin kashi biyu ne. Ɗaya yana duba jikin mutum: ƙashi, jini, launin fata, abin da ake gada daga iyaye, da ragowar mutanen da suka shuɗe tun zamani mai nisa. Ɗayan yana duba al'ada: aure, zumunta, sana'a, sarauta, addini, yadda ake raba gado da yadda ake binne mamaci. A wurare da dama ana koyar da su kamar ba su san juna ba. Ni ban yarda da haka ba, shi ya sa ba na farawa da ƙasusuwan Habasha ko tsibiran da yaranmu ba su taɓa jin sunansu ba. Da sikila nake farawa.

Dalili kuwa, babu ajin da zan shiga in rasa wanda sikila ta taɓa gidansu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, yana ɗauke da ƙwayar gadon ba tare da ciwon ba. Sai in tambaye su: abin da ke kashe yara haka, me ya sa bai ƙare ba tun zamanin kakanni, ya ma yawaita a ƙasashenmu? Amsar ta fito a 1954, lokacin da Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Inda sauro ya yi yawa, masu AS su ne suka fi kaiwa girma su haihu, don haka ƙwayar ta ci gaba da yawo, ko da yake idan ta haɗu biyu a jikin ɗa ɗaya, SS ke nan, da wahalar da kowa ya sani. A 1958 kuma Frank Livingstone ya kawo ra'ayin cewa noma ne ya buɗe wa saurayen hanya a yammacin Afirka: aka sare daji, rana ta samu kududdufai, mutane suka zauna wuri guda. Ka ga fartanya ta taɓa jini. Daga nan sai mu gangaro gida. In zana musu a allo cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Da yawa suna zaton in na fari ya zo da ciwon, uku na bayansa sun kuɓuta. Ba haka ba ne, kowane ciki lissafinsa daban, kuma na ga ɗalibai sun yi shiru a wannan gaɓa don sun tuna gidajen da suka sani. Sai maganar auren zumunci ta taso, wasu su ce shi ne ya jawo. Nakan ce musu su yi adalci: ƙwayar da ta yaɗu haka, bare da bare ma suna haɗuwa a kanta, gwaji kafin a kai kuɗin gaisuwa shi ne maganin. A 2024 Jihar Kano ta mai da gwajin lafiya kafin aure doka. To yanzu wa zai gaya wa kaka cewa jikokinta biyu da ta haɗa tun suna goye ba za su yi aure ba, kuma da wace irin magana? Wannan ba tambayar likita kaɗai ba ce. A zama ɗaya mun taɓa jini, sauro, noma, aure da doka, kuma wannan shi ne fannin gaba ɗayansa.

Madara ma haka take. Yawancin mutanen duniya in sun girma cikinsu ba ya narkar da ɗanyar madara sosai, domin sinadarin da ke wannan aiki yana raguwa bayan yaye. Amma a cikin al'ummomin da suka daɗe da kiwo, irin su Fulani, Beja na Sudan, Masai na Kenya da mutanen arewacin Turai, da yawa suna riƙe shi har tsufa. Kiwo ya sauya jiki. Waɗanda nasu jikin bai sauya ba kuwa suka samu dabarar barin madara ta yi tsami, shi ya sa wanda ɗanya ke ɓata wa ciki zai sha fura da nono ya kwana lafiya.

Yanzu ga maganar birin. Ba ta wuce mako na biyu ba a taso da ita, kuma ina son a taso da ita. Abu na farko, babu masanin wannan fanni da ke cewa birin da ke ɓarna a gona shi ne kakanmu. Abin da suke cewa, mutum da cimfanzi, wani babban birin dazukan Afirka, sun haɗa asali mai nisa, wajen shekara miliyan 6 zuwa 7, kamar kai da ɗan baffanka: ba shi ya haife ka ba, kaka kuka haɗa. Abu na biyu, ka san ni ka san gidanmu. Ban taɓa tsayawa gaban aji na ce wa yaro ya ajiye imaninsa game da Annabi Adamu, alaihis salam, ba, kuma ba na ba da maki a kan abin da ke zuciyar mutum. Abin da nake nema a jarrabawa shi ne ɗalibi ya san me aka haƙo, a ina, yaya aka ƙiyasta shekarunsa, me masana suka fahimta daga gare shi, a ina kuma suka saɓa wa juna. Nakan tuna musu aya ta 20 a Suratul Ankabut, inda aka umarce mu da yin tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. Yadda za a daidaita wannan da wancan magana ce mai zurfi da malamai ke tattaunawa, ba na yanke ta a aji. Amma na fi tsoron yarinyar da za ta fara cin karo da waɗannan abubuwa ita kaɗai a waya da tsakar dare, a kan wadda ta ji su a gaban malamin da za ta iya yi wa tambaya.

Kai kuma kana zaune a ƙasar da ke da babban hannu a wannan labari. A watan Yulin 2001, a hamadar Djurab da ke arewa da ku, wani ɗan Chadi, Ahounta Djimdoumalbaye, cikin tawagar da Michel Brunet na Faransa ya jagoranta, ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Toumaï. An ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, ba ta fi ta cimfanzi ba, amma ramin ƙasan ƙoƙon, inda laka ke shiga, ya matso gaba, alamar kan da ke zaune bisa wuya a tsaye. Har yau masana na gardama ko da ƙafa biyu yake tafiya, kuma gardamar ita nake so yara su gani, don su san ilimi ba hadda ba ne. Daga nan in kai su ga Lucy, wadda aka haƙo a Hadar ta Habasha a 1974, mai shekara miliyan 3.2, da sawun ƙafafun Laetoli a Tanzaniya da tawagar Mary Leakey ta gano a 1978, waɗanda suka daskare a tokar dutse mai aman wuta.

"Malam, wa ya ƙirga shekarun?" Tambaya ce mai kyau. Tokar dutse mai aman wuta tana ɗauke da sinadarin fotasiyam wanda wani ɓangarensa ke rikiɗa zuwa iskar argon a sannu, da saurin da aka auna aka sani. In ƙashi yana tsakanin shimfiɗar toka biyu, an san ya girmi ta sama, bai kai ta ƙasa ba. Ga abin da bai wuce shekara dubu 50 ba kuwa, wani nau'in sinadarin kabon ake aunawa, wanda rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730. Da shi aka gane cewa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a Yobe a 1987 yana haƙa rijiya, ya kai shekara dubu 8. A Gobero ta Nijar ma, cikin hamadar Tenere, an gano maƙabarta a shekarar 2000, da ƙasusuwan kifi, kada da dorina a inda yau rairayi ne zalla. Yaran Borno da Yobe sukan miƙe zaune in aka zo nan.

Akwai abin da ba na ɓoye musu. Wannan fanni yana da baƙin tarihi. An yi zamanin da Turawa ke yawo da ma'auni suna gwada kawunan mutane da hancinsu don su jera jinsuna, nasu a sama. Gwamnatin mulkin mallaka a Arewa tana da nata jami'in nazarin ƙabilu, C. K. Meek, kuma abin da ya tattara an yi amfani da shi wajen mulki. An yaɗa ra'ayin cewa duk wani ci gaba a Afirka wasu masu hasken fata ne suka shigo da shi daga waje, ra'ayin da ya zuba guba tsakanin Hutu da Tutsi a Ruwanda. Amma daga cikin fannin aka rushe wannan. Tun kusan 1912 Franz Boas ya nuna cewa siffar kan 'ya'yan baƙin da aka haifa a Amurka ta bambanta da ta iyayensu. A 1972 Richard Lewontin ya lissafa cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na bambancin ƙwayoyin gado yana cikin kowace al'umma ne, tsakanin 'ya'yanta. Ina daɗewa a nan, domin mu ma muna da namu jerin, na wane ɗan asali ne wane ba shi da asali, wane bawa ne wane ɗa, kuma har gobe yana hana aure.

A ɓangaren al'ada, aikin da na fi ji da shi mai sauƙi ne. Kowa ya je hutu ya zauna da tsohuwar gidansu, ya nemi izininta, ya zana taswirar dangi, alwatika ga namiji, da'ira ga mace, ya rubuta wa ya auri wa, wa ya riƙe wa, da yadda ake kiran kowa. Nan suke lura cewa ɗan baffa ɗan'uwa ne, ɗan kawu da ɗan gwaggo kuwa abokan wasa ne, su tambayi dalili. Su lura uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kaka kuwa tana kiran jikanta mijinta. Su ga wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa, yana ɗauke da aiki mai nauyi na kashe faɗa kafin ya tashi, har UNESCO ta sanya wasan dangi na Nijar cikin gadon duniya a 2014. Su gane littafin da mata ke rubuta gudummawar biki bashi ne da zumunci a haɗe. Wasu sukan dawo da abin da ba su zata ba: kakan kaka Bamaguje, ko wadda aka kamo a yaƙi, ko tsagar fuska da ta nuna gidan ba daga inda ake cewa ya fito ba. Shi ya sa doka ta farko a ajina ita ce amana: ba a rubuta suna, ba a karanta sirrin gidan wani don a yi dariya.

Kafin su tafi nakan ba su labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa mazauniyar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta zauna da ita a Giwa tsakanin 1949 da 1950 ta rubuta rayuwarta, aka buga a 1954. Hare-haren kamun bayi, zuwan Turawa, aure-aurenta, ƙawance, riƙon 'ya'ya, duk daga bakin mace. Ana karanta ta a jami'o'in duniya, yawancin yaranmu ba su taɓa jin sunanta ba. Abin yana min ciwo. Irin su Baba suna nan a kowace unguwa, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma 'yarmu za ta shiga ɗakunan da ni da kai ba za mu shiga ba, ta ji maganar da ba za a faɗa wa namiji ba, da Hausa da Larabcin Chadi da Faransancin da ta tashi da su.

Batun aiki, ba zan yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah ba, kuma ka san halin da masu digiri ke ciki. Amma ka tuna 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano: maganin yana nan, yarda ce babu, kuma sai da aka bi ta hannun sarakuna da malamai kafin a kai ga 2020 da aka tabbatar nau'in cutar na asali ya bar Najeriya. Ka tuna Ebola a yammacin Afirka a 2014, inda wankan gawa ke yaɗa ciwon, mutane kuma suka ƙi a binne nasu kamar kaya, har aka zauna da masana al'ada da limamai aka fito da hanyar binnewa mai kare rai da mutunci. Hukumomin lafiya, masu aikin sansanonin gudun hijira a yankin Tafkin Chadi, masu sasanta manoma da makiyaya, gidajen tarihi, duk suna neman wanda ya iya zama ya saurara ya rubuta daidai. Ta haɗa da lissafin ƙididdiga da kwamfuta, kada ta raina su.

Wahala akwai. Ajinmu cike yake maƙil, ba mu da kwafin ƙasusuwan da yaro zai riƙe a hannu, in wuta ta ɗauke majigi ya mutu sai zane a allo. Don haka ina da roƙo. Kafin ta taho, ka kai ta gidan tarihi na ƙasa da ke nan Ndjamena ta ga abin da aka ajiye game da Toumaï, in an yarda ku ɗauko min hotuna ta gaba da ta gefe, ka turo ta WhatsApp in nuna wa ɗalibai. Ka kuma ce ta zauna da Hajiya ta fara zana taswirar danginku tun yanzu, in ta zo hutun farko ta biyo ta nan mu duba tare, ɗakinta na nan.

Ka gaida Hajiya da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida uwargida da yara, maiɗakina tana gaishe su. Sai na ji daga gare ka.

Wassalam,
Amininka.